Mazara del Vallo: da gaske garin su Imam Maziri ne, kuma akwai abin yi a can?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanina ya shiga Italiya bara, yanzu yace an mayar da shi wani gari a bakin teku wai shi Mazara del Vallo. Yace min har kiran sallah yake ji da lasifika, Larabawa sun cika garin, kuma yana so ya nemi aikin jirgin kamun kifi. Da na faɗa wa malaminmu na zaure sai yace ai garin Imam Maziri ne na cikin Muhtasar. Don Allah wane irin gari ne wannan, da gaske garin Musulmi ne a cikin Turai, da me mutanensa suke ci, kuma aikin nan da yake magana akwai alheri a ciki? Mahaifiyarmu ta matsa min da tambaya."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya ya kwantar mata da hankali. In na fahimce ka abu uku kake so, ina garin yake kuma yaya yake, mene ne gaskiyar alaƙarsa da Musulunci da Imam Maziri, sannan ko aikin teku zai fisshe da ƙaninka. Na yi zaman karatu a Palermo, daga baya na yi aikin tafinta na wasu shekaru a gidajen da ake sauke baƙi a lardin Trapani, to Mazara gari ne da na sha shiga, na kwana, na ci kifinsa na kuma ji kukan masuntansa. Malaminku ya yi gaskiya, ƙaninka ma ya yi gaskiya, amma kowannensu ɓari ɗaya ya gani, bari mu bi abin a hankali.

Inda garin yake

Italiya in ka duba taswira kamar takalmin soja take, to a bakin yatsun takalmin akwai babban tsibiri, Sisili, wanda littattafanmu na Larabci ke kira Siƙilliya. Mazara tana can ƙuryar kudu maso yammacin tsibirin, a lardin Trapani, daidai inda kogin Mazaro yake zubawa cikin Bahar Rum. Mutanenta wajen dubu 50 ne, wato ba wani babban birni ba ne. Daga Palermo akwai babbar hanya A29 da ta miƙe har garin, tafiyar awa ɗaya da rabi haka a mota, Marsala kuma tana nan maƙwabtaka ta arewa maso yamma.

Abin da nake so ka riƙe shine garin nan fuskarsa kudu take kallo. Tsakaninsa da gaɓar Tunusiya, wajen tsinin Cap Bon, ruwan kilomita 150 ne da 'yan kai, kamar ka tashi daga Kano ka je Zariya. Birnin Tunis ya fi kusa da su nesa ba kusa ba a kan Rom, babban birnin ƙasarsu. Duk wani abu babba da ya taɓa samun garin nan, na daɗi da na wuya, ta wannan ruwan ya biyo, kuma har gobe haka ne.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu sosai, gonakin inabi da zaitun iya ganinka. Yanayinsu kishiyar namu ne, lokacin zafi daga Yuni zuwa Agusta ba ruwa ko ɗigo, ruwan sama sai da sanyi. Akwai wata iska da suke ce wa shirokko, daga Sahara take tasowa ta tsallako teku da jan ƙura, ka wayi gari ka ga motoci sun yi buɗu-buɗu. Ranar da na fara ganin haka sai da na tsaya na shafa gilashin wata mota da yatsa, ƙurar nan sak irin ta hunturunmu, sai dai tasu da zafi da gumi take zuwa. Kogin nasu ma yana da wata ɗabi'a, wani lokaci haka kawai ruwan ya janye sannan ya dawo da ƙarfi cikin 'yan mintoci, jirage su rinƙa karo da juna igiyoyi na tsinkewa, suna ce wa abin marrobbio, canjin nauyin iska a kan teku ke haddasa shi. Saboda wannan ne Larabawan da suka zauna a nan suka sa masa suna Wadil Majnun, kogin mahaukaci.

Daga Asad ɗan Furat zuwa Maziri

Garin ya girmi Musulunci da nisa. Finikawa 'yan kasuwar teku sun yi zango a bakin kogin, ya zama tashar kasuwancin birnin Girkawa na Selinunte wanda kufansa yana nan kusa ana zuwa kallo, mutanen Kartaj suka ƙwace a 409 kafin haihuwar Annabi Isa, sai Rumawa. Wannan duk zan wuce shi da sauri, inda ya shafe mu shine shekarar 827, wato 212 bayan hijira.

A wannan shekarar wani kwamandan jiragen yaƙin Rumawan Gabas mai suna Yufimiyus ya yi wa sarkinsa tawaye, ya tsallaka Ifriƙiyya, wato yankin Tunusiyar yau, neman taimakon sarkin Aglabawa Ziyadatullahi na farko. Sarki ya tada runduna, kuma wanda aka ɗora a kanta ba wani barde ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, dattijo mai kusan shekara 70, Asad ɗan Furat. Suka tashi daga Susa a watan Yuni, bayan kwana uku suka sauka a Mazara, nan ne ƙafar farko. Duk wanda ya yi karatun fiƙihun Malikiyya ya kamata sunan nan ya motsa masa rai, domin Asad ya yi karatu wajen Imamu Malik da kansa a Madina, ya je Iraƙi wajen almajiran Abu Hanifa, ya zo Masar ya tattara amsoshin Ibnul Ƙasim a littafin da ake kira Asadiyya, kuma wannan littafin ne Sahnun ya koma da shi wajen Ibnul Ƙasim aka gyara aka tace ya zama Mudawwana. Kaga kenan duk inda Shehu Halil mai Muhtasar yace "fiha" yana nufin Mudawwana, akwai gumin mutumin nan a ciki. Asad bai daɗe ba, annoba ta ɗauke shi a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Cin tsibirin kuma bai zo da sauƙi ba, Palermo 831, Sirakusa sai 878, Taormina 902, fiye da shekara saba'in ana abu ɗaya.

A zamanin Musulmi Mazara ta zama babban gari, har yankin yammacin tsibirin gaba ɗaya ya ɗauki sunanta, Val di Mazara, ɗaya daga cikin manyan yankuna uku da aka kasa Sisili, kuma daga nan ne "del Vallo" ɗin da ke jikin sunan ya samo asali. Yammacin nan shi ya fi ko'ina yawan Musulmi, aka bunƙasa noman rani da rijiyoyi da magudanan ruwa, lemo da rake da auduga suka yaɗu. Sai rigimar cikin gida ta raba kan sarakunan, kowane ƙa'idi ya kama gari yace nasa ne, wani daga ciki ya kira Normawa, wasu mayaƙan Kiristocin Turai, su taimake shi a kan ɗan'uwansa, kamar dai yadda Yufimiyus ya yi tun farko. A 1072 Roja na farko, jagoran Normawan, ya karɓi Palermo da Mazara, 1091 tsibirin duka ya koma hannunsu. Lissafa ka gani, shekara 245 garin ya yi a hannun Musulmi. Ko bayan faɗuwarsa bai mutu ba, Idrisi masanin taswira da ya yi wa Roja na biyu aiki ya gama littafinsa a 1154, ya siffanta Mazara da gari mai kyau mai kasuwanni da gidajen wanka da lambuna.

Yanzu ga maganar malaminku. A farkon Muhtasar, inda Shehu Halil yake bayanin alamominsa, ya ware malamai huɗu, Lakhmi da Ibn Yunus da Ibn Rushd, sannan yace "wa bil ƙauli lil Maziri kazalika". Ina tuna ranar da aka biya mana wannan layin a zaure, muna zaune kan buzu da tabarma, malam ya fassara ya wuce, ba wanda ya tambaya ina ne Mazar ɗin, ni kaina na ɗauka wani ƙauye ne a Magrib. Shekaru bayan nan ina cikin jirgin ƙasa daga Trapani na ga allon tasha an rubuta Mazara del Vallo, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Cikakken sunan Maziri shine Abu Abdullahi Muhammad ɗan Ali at-Tamimi, nasabarsa ga wannan garin take, asalin gidansu nan ne. Amma rayuwarsa da karantarwarsa a Mahdiyya ta Tunusiya ya yi su, ya rasu a 536 bayan hijira, 1141 kenan, kabarinsa yana Munastir. Don haka kar ƙaninka ya sha wahalar neman hubbarensa a Italiya, ba ya nan. Shi ne mai Mu'ulim, sharhin Sahihu Muslim wanda Alƙali Iyad ya zo ya cika da Ikmal, shi ne mai sharhin Talƙin, kuma an san shi da ilmin likitanci.

Akwai fatawarsa guda da nake ganin ta shafi gidanku kai tsaye. An tambaye shi game da Musulmin da suka rage a Siƙilliya ƙarƙashin sarkin Kirista, shin hukuncin alƙalin da wannan sarkin ya naɗa yana zartuwa, shin ana karɓar shaidarsu. Ya amsa cewa wanda zamansa na larura ne ko yana da wata manufa ingantacciya ba a zubar masa da adalci saboda zaman, kuma hukuncin alƙalin yana tafiya tunda jama'a ba za su zauna ba mai raba musu gardama ba. Wanshirisi ya kawo ta a littafinsa na fatawoyi, Mi'iyar. Ni ba mufti ba ne, hukuncin zaman ƙaninka ku kai wa malaminku, amma ka ga tambayar da Hajiya take yi a zuciyarta an yi wa Maziri irinta a kan wannan tsibirin shekara kusan 900 da suka wuce.

To garin Musulmi ne yau?

A'a, kuma gara in faɗa maka kai tsaye. Musulmin farko sun ƙare a tsibirin tun ƙarni na 13, sarki Firedirik na biyu ya kwashe waɗanda suka rage bayan tawaye ya kai su Lucera a can babban yankin Italiya, nan ma aka tarwatsa su a 1300. Mazara garin Katolika ne, tana da bishop tun 1093, waliyyinsu San Vito suna yi masa biki duk shekara. A saman ƙofar babbar majami'arsu akwai sassaƙen Roja a kan doki yana tattake wani jagoran Musulmi da suke kira Mokarta, kuma babban dandalin da ke kallon teku sunan Mokartan nan aka sa masa. Na daɗe a tsaye gaban sassaƙen nan, abin ya taɓa ni ƙwarai, sai ga wasu 'yan mata biyu masu ɗankwali sun fito daga lungu da jakar makaranta suna hira da Italiyanci sun wuce ta ƙarƙashinsa ko ɗaga kai ba su yi ba.

Larabawan da ƙaninka yake gani sababbin zuwa ne, 'yan Tunusiya, sun fara shigowa ƙarshen shekarun 1960. Dalili biyu suka haɗu. A Janairun 1968 girgizar ƙasa ta rusa garuruwan kwarin Belice da ke kusa, ta kashe mutum sama da 200, jama'a da yawa suka yi ƙaura zuwa arewacin Italiya da Jamus da Suwizalan. Lokacin kuma jiragen kamun kifin Mazara suna ƙaruwa, 'ya'yan masu jirage sun fara ƙin aikin teku, ana neman hannu ido rufe. Ba a neman biza a lokacin, sai a 1990 aka sa, mutum ya hau jirgin fito daga Tunis ya sauka Trapani shikenan. Suka kama tsofaffin gidajen tsakiyar gari da masu su suka gudu suka bari, unguwar da ake kira Kasba, wadda lungunanta tun na zamanin Larabawan farko ne, ƙanana masu murɗiya, wani ya ɓulle wani ya toshe, in ka shiga sai ka rantse cikin birnin Kano kake ko Zariya. Abin da ya fi ba ni mamaki, akasarinsu daga Mahdiyya suka fito da Shabba maƙwabciyarta. Gidan su Maziri sun bar Mazara sun koma Mahdiyya, bayan ƙarni tara mutanen Mahdiyya suka dawo Mazara da komarsu. Kafin nan ma 'yan Sisili ne suke kwarara Tunusiya neman abinci a ƙarni na 19 da farkon na 20, dubun dubata, har unguwa gare su a La Goulette.

Yau 'yan Tunusiya dubu biyu zuwa uku ne a garin, akwai masallaci a Kasba, ana jin kiran sallah a unguwar, akwai mahauta masu yankan halal, akwai makarantar firamare da gwamnatin Tunusiya ta buɗe tun farkon shekarun 1980. Kuskus da romon kifi abincin gida ne a duk lardin Trapani har wajen Kiristocin, suna murza shi da hannu a faffaɗan kasko su turara kamar yadda iyayenmu ke yin dambu. Ta fuskar addini da abinci ƙaninka ya faɗa wuri mai sauƙi, wannan kam ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Sai dai 'yan jarida suna son zuzuta garin a matsayin abin koyi na zaman tare, ni abin da na gani shine zaman lafiya akwai, ba faɗa ba tsangwama sosai, amma kowa da harkarsa, a cikin jirgi ne kawai ake cuɗanya ta gaske. Kuma baƙar fata daga kudu da Sahara matsayinsa daban ne da na ɗan Tunusiyan da kakansa ya zo tun 1970, wannan ma gaskiya ce.

Da me suke ci

Teku ce uwa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sa wa jirage inji, sannan na'urar ƙanƙara, Mazara ta zama tashar manyan jiragen kamun kifi mafi girma a Italiya, a shekarun 1980 da 1990 jirage ɗaruruwa ne, ana cewa kana iya tsallake kogin ta kan jirage ba ka taɓa ruwa ba. Abin da ya yi musu suna shine jan jatan lande, gambero rosso, wanda yake zaune a zurfin mita 400 zuwa 700 a ƙasan teku. Ana jan koma a ƙasa na awoyi, a ɗago, a zube a bayan jirgi, ma'aikata su tsuguna su tsince da hannu su kasa shi girma-girma aji huɗu, a jera a kwali a daskarar nan take. Na taɓa tsayawa ana sauke kaya da sassafe, wani dattijo ɗan Mahdiyya ya buɗe min kwali ɗaya, ja wur kamar an tsoma a manja, kan yana da duhu saboda ƙwai, ya nuna min hannunsa duk ya tsattsage da gishiri da sanyi yace shekara talatin da ɗaya kenan, Ramadan nawa ya yi a teku shi kansa ya daina ƙirgawa. Kilo ɗaya na manyan yana wuce yuro 50 a kasuwa, manyan otal na Milan da Faris ɗanye suke ba baƙinsu.

Amma jiragen sun ragu ƙwarai, abin da ya rage bai kai rabin na da ba, kuma dalilan sun taru ne. Na farko an cinye na kusa, shekara da shekaru ana kankare ƙasan teku, dole a tafi nesa, wajen Libiya, wajen Kirit da Kubrus, jirgi ya yi kwana 30 zuwa 40 ko fiye bai dawo ba. Nisa kuma man gas yake ci, shi ne babban kashin kuɗin tafiya, da farashi ya tashi a 2022 jirage da yawa ɗaure su aka yi. Na biyu dokokin Tarayyar Turai, an ƙayyade kwanakin fita da girman idon koma da lokacin hutun kifi, har kuɗi ake ba mai jirgi ya farfasa jirginsa ya bar sana'ar, da yawa sun karɓa. Masuntan suna kuka cewa su an ɗaure musu hannu amma jiragen Tunusiya da Masar suna kamawa a ruwa ɗaya ba wannan takurar, su kawo kasuwa ɗaya da araha. A ganina kukansu yana da tushe, amma dokar ma tana da tushe, in ba a rage ba jikokinsu ba za su tarar da komai ba, matsalar ita ce ɓangare ɗaya kawai dokar ta kama. Ga kuma kogin da ya cike da laka, an yi shekaru ana alkawarin yashe shi.

Na uku shine wanda ya fi haɗari, kuma shi nake so ƙaninka ya sani. A 2005 gwamnatin Gaddafi ta ayyana cewa ruwan kamun kifinta ya kai mil 74 daga gaɓa, Italiya da Turai kuma mil 12 suka sani, jatan landen kuma a tsakanin nan ya fi yawa. An sha kama jirage, an sha harbi. Ranar 1 ga Satumba 2020 mayaƙan Halifa Haftar suka kama jirage biyu, Antartide da Medinea, da mutum 18, 'yan Italiya takwas, 'yan Tunusiya shida, 'yan Indonesiya biyu, 'yan Senegal biyu. Kwana 108 suka yi a tsare a Bengazi, iyalansu suna kwana a gaban majalisa a Rom, sai da firaministan lokacin Giuseppe Conte da ministan harkokin waje suka tashi takanas suka je wajen Haftar a watan Disamba aka sako su. A Mayun 2021 kuma aka buɗe wuta a kan wani jirgin masunta aka raunata kyaftin ɗinsa. Su waɗannan masuntan dai su ne kuma suke cin karo da kwale-kwalen 'yan'uwanmu a tsakiyar ruwa, da yawansu sun yanke koma sun yi asarar kamun kwanaki don su tsamo mutane, wasu kuma gawa suke ɗagowa a cikin koma. Na yi wa waɗanda aka tsamo haka tafinta, ba zan taɓa raina masuncin Mazara ba.

Koma ta taɓa ɗago musu abin arziki ma. A 1998 jirgin Capitan Ciccio ya ɗago wani tsohon mutum-mutumin tagulla na zamanin Girkawa ko Rumawa daga zurfin wajen mita 500, siffar mai rawa, an ware masa gidan tarihi a wata tsohuwar coci, an kai shi Japan a 2005 da Faris a 2007, shi ya fara jawo musu 'yan yawon buɗe ido, aka gyara lungunan Kasba aka manna musu fentin tangaran. Amma yawon buɗe idon na 'yan watannin zafi ne kawai.

Bayan teku sai noma. Lardin Trapani yana cikin wuraren da suka fi ko'ina gonakin inabi a Italiya, akasari na giya ne, sai zaitun ɗin Nocellara mai manyan 'ya'ya a Castelvetrano da Campobello di Mazara. Akwai kuma abin da ba a gani da ido, bututun iskar gas na Transmed da ya taso daga Hassi R'Mel a Aljeriya ya ratsa Tunusiya ya nutse a teku, a Mazara yake fitowa, yana aiki tun 1983, kuma tun da aka fara yaƙin Yukiren Aljeriya ta koma kan gaba wajen ba Italiya gas. In Allah ya sa bututun da ake ta maganar ja daga Najeriya ta Nijar zuwa Hassi R'Mel ya tabbata, wanda na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano yake kan hanyarsa, to gas ɗinmu ta wannan garin zai iya shiga Turai. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ma da dama a nan suke sauka. Sai dai waɗannan ba sa ɗaukar ma'aikata da yawa, matasan garin da kansu arewa suke gudu, rashin aikin yi a Sisili ya fi na yawancin ƙasar. Mafiya ma ba tatsuniya ba ce a lardin, Matteo Messina Denaro da aka kama a Janairun 2023 bayan shekara 30 ana nemansa, a Campobello yake ɓoye, 'yan kilomitoci daga Mazara.

Maganar ƙaninka

Aikin jirgi ba a shiga da ka. Sai da takardar zama mai ba da izinin aiki, sai an yi masa rajista a ofishin tashar jirage, gwajin lafiya, iya iyo, horon kare kai a teku, sannan mai jirgi ya yarda da shi, su kuma sun fi ɗaukar wanda wani na ciki ya tsaya masa. Biyan ma kaso ne, a cire kuɗin mai da abinci sannan a raba abin da ya rage tsakanin mai jirgi da ma'aikata, akwai mafi ƙarancin albashi a yarjejeniyar ƙasa amma samun na gaske yana bin kamu, wata tafiyar a dawo da fara'a wata a dawo shiru. Barci awa biyu uku tsakanin ɗago koma, ga sanyi ga amai. Suna neman hannu kam, tunda 'ya'yansu sun ƙi, shi ya sa ka ga 'yan Senegal da Indonesiya a ciki, amma waɗancan tun suna yara a teku suka tashi. In ƙaninka ɗan tudu ne irina wanda iyakarsa kogi ko dam, ni ban ba shi shawarar ya fara da jirgin wata guda ba. Ya fara ta ƙasa, sauke kaya, kamfanonin sarrafa kifi da daskarar da shi, wajen gyaran jirage in yana da hannu a walda ko kanikanci, daga nan zai san mutane ya san wane kyaftin ne mai amana, ya kuma tambaya wane ruwa jirgin yake zuwa kafin ya sa hannu.

Abin da nake tsoron masa ya fi teku shine gona. Daga Satumba zuwa Nuwamba ɗaruruwan 'yan Afirka suna taruwa a Campobello tsinkar zaitun, na shiga sansaninsu, bukkokin leda da katako da kwali, ba ruwa ba banɗaki, ana biya kan akwati 'yan yuro kaɗan, ɗan kamashon da suke kira kaporale ya cire kuɗin mota ya cire nasa. A 2021 gobara ta tashi a irin wannan sansanin ta ci ran mutum. Doka ta haramta wannan tsarin, an ƙara tsananta ta a 2016, amma yana nan. Na ga yaro ɗan wajenmu ya yi wata biyu yana aiki ba takarda, mai gonar yace bai san shi ba, ba abin da muka iya yi masa domin ko sunan gonar bai sani ba. In dole ta sa ya je, ya nemi kontiragi a rubuce, ya rinƙa rubuta ranaku da awoyi da sunan wuri a wayarsa kullum.

Ɓangaren takardu ba fagena ba ne, aikin lauya ne, kuma dokokin suna canzawa kusan duk shekara, don haka kar ya ɗauki maganar 'yan ɗaki. Abin da aka saba shine mai neman mafaka yana iya fara aiki bayan kwana 60 da shigar da buƙatarsa. Ya tambayi ma'aikacin shari'a na gidan da aka sauke shi, ko ya je ofishin ƙungiyar ƙwadago irin su CGIL ko wajen Caritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, kyauta suke duba takarda. Sannan ka matsa masa ya shiga makarantar manya da ake kira CPIA ya koyi Italiyanci har ya sami shaidar matakin A2, ana neman ta wajen takardar zama ta dogon lokaci, kuma ba kyaftin ɗin da zai ɗauki wanda ba ya jin "saki igiya" in an daka masa tsawa cikin dare. In yana da ɗan Larabcin islamiyya ya riƙe shi da kyau, a Kasba zai buɗe masa ƙofofi, ya je masallaci ya gaida dattawan Mahdiyyan nan ya gaya musu a garinsu ana karanta Maziri, su suka san jirgin da ke neman mutum tun kafin a sanar.